Zaure Ko Tsakar Gida? Tarken Tsarin Tsakar Gini Da Adonsa A Ofisoshin Gwamnati

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe da al'adun Hausawa sun daɗe da ɗaukar gine-gine a matsayin wani reshe na al'ada, sai dai galibin abin da aka rubuta ya tsaya ne a kan gidan gargajiya da fada da masallaci. Ayyukan da aka fi jingina da su a wannan fage, wato na Sa'ad (1981) da Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990), duk sun fi mayar da hankali ga ginin ƙasa da maginansa. Ginin da talaka ke nufa a yau idan yana da buƙata a wurin hukuma, wato sakatariya da ma'aikata da majalisa, bai sami irin wannan kulawa ba, wataƙila saboda ana kallonsa a matsayin baƙo. To amma baƙon da ya haura shekara sittin a gari ya isa a tambaye shi abin da ya zo da shi.

Wannan maƙala za ta dubi wani sashe guda na irin wannan gini, wato filin nan da akan bari a tsakiyar bene, ofisoshi su kewaye shi hawa bisa hawa, wani lokaci a bar samansa a buɗe, wani lokaci a rufe da gilashi ko ƙubba. Turawa na kiransa atiriyom. Za a kuma dubi irin adon da ake yi masa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, an ba wannan fili siffar tsakar gida, aka kuma ɗora masa aikin zaure, ba tare da an tanadar masa abubuwan da suka sa zaure ya zama wurin karɓar mutum ba. Za a kafa hujja da misalai daga Kano da Zariya da Abuja da wata jiha ta Amurka, sannan a auna sakamakon a kan Jalingo, babban birnin Jihar Taraba.

2.0 Matsalar Suna

Abu na farko da mai nazarin harshe zai ci karo da shi shi ne rashin tsayayyen suna. Hausa ba ta da talaucin kalmomin gini. Akwai farfajiya da haraba da rumfa da soro da shigifa da zaure da tsakar gida, ga kuma falo da aka aro daga Ingilishi. Duk da haka babu ɗaya daga cikinsu da ta zauna daram a kan wannan fili. Farfajiya da haraba suna wajen gini ne, shi kuwa yana ciki. Rumfa inuwa ce da aka kafa a kan dirkoki, ba ta da hawa. Falo ɗakin zama ne mai kujeru, na iyali da baƙinsu. Tsakar gida ta dace da siffarsa, amma ma'anarta ta yi hannun riga da aikinsa, domin tsakar gida wuri ne na iyali wanda baƙon namiji ba ya shiga sai da izini. Zaure ya dace da aikin da aka nufe shi da shi, amma zaure ɗaki ne da ake zama a ciki, wannan kuwa wucewa ake yi ta cikinsa.

Abin lura shi ne yadda masu shiga waɗannan gine-gine suka warware matsalar da kansu. Akan ji mutum ya ce wa abokinsa, ka jira ni a ƙasa, ko kuwa, ina nan wajen masu gadi. Wato suna ambaton wurin ne ta hanyar abin da ke samansa ko wanda ke tsaronsa. Harshe ba ya rowar suna ga abin da jama'a suka mayar nasu. Mota da asibiti da kotu duk sun shigo daga waje, sun kuma sami gindin zama har da jam'insu da karin maganarsu. Idan wuri ya shekara da shekaru ana ratsa shi kullum amma bai sami suna ba, alama ce ta cewa bai shiga rayuwar masu ratsa shi ba. Domin sauƙin bayani, a nan za a kira shi tsakar gini.

3.0 Zaure A Matsayin Ofis

Kafin zuwan Turawa, da ma bayan zuwansu na tsawon lokaci, zaure shi ne ofishin hukuma a ƙasar Hausa. A zaure mai unguwa ke sasanta rikici, a zaure alƙali ke sauraron ƙara, a nan ne kuma malami ke ba da karatu, shi ya sa har yau ake cewa karatun zaure. Da kafofin watsa labarai suka buƙaci kalmar da za su kira ɗakin muhawarar majalisa, ita ce suka ɗauka, har ta kai ana cewa babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tsarin gidan Bahaushe tsari ne na matakai. Daga titi sai dakali, daga dakali sai zaure, daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Kowane mataki yana da wanda ya isa ya taka shi, kuma ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon wanda ke waje ya faɗa ciki. Wannan tsari ne aka faɗaɗa a fada. Gidan Rumfa da ke Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, jerin soraye ne da filaye, kuma matsayin mutum da buƙatarsa su ke yanke soron da zai tsaya. Ba za a ce wannan tsari ya daidaita kowa da kowa ba. Tsari ne na girma da muƙami, mata kuma ba su da rabo mai yawa a zaure. Amma yana da abubuwa uku da ya kamata a riƙe. Na farko, mai zuwa yana da mazauni a inuwa, ko da tabarma ce. Na biyu, akwai wanda zai amsa sallamarsa, ya yi masa iso, cikin harshen da yake ji. Na uku, adon wurin abu ne da yake iya karantawa.

Batun inuwa ba ƙaramin abu ba ne. Katangar tubali mai kauri, da 'yan tagogi ƙanana can sama, da rufin soro mai tsawo, su ke sa zaure ya yi sanyi da tsakar rana ba tare da wata na'ura ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufi a kan tazara mai faɗi, magina suka ƙware wajen ɗaura ta daki-daki cikin ƙasa har ta zama bakan gizo, bakuna kuma su haɗu su ba da ɗaurin guga. A nan gini da ado abu guda ne, domin abin da ke riƙe da rufin shi ne abin da ido ke sha'awa. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), wanda kuma aka haɗa shi da ɗakin shari'a. Ke nan tun a wancan lokaci an san yadda ake gina babban ɗaki mai tsawo domin jama'a, a cikin wannan yanayi, da kayan wannan ƙasa.

4.0 Asalin Tsakar Gini Da Yaɗuwarsa

Atiriyom kalma ce ta Latin. A gidan attajirin Rumawa, shi ne babban ɗakin da ake tararwa bayan an shigo, an bar kafa a tsakiyar rufinsa, a ƙarƙashinta kuma an haƙa ɗan kwarmi da ke tara ruwan sama. A nan mai gida ke karɓar mabiyansa da masu neman alfarma kowace safiya, a nan kuma ake ajiye siffofin kakanni. Idan aka lura, aikin da yake yi wa Rumawa shi ne aikin zaure. Irin wannan tsakar ɗaki mai tara ruwan sama sananniya ce kuma a tsofaffin gidajen Bini da na Yarabawa, saboda haka siffar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya.

Tsakar ginin da ake gani a yau jikan wancan ne, amma ƙarfe da gilashi da lantarki sun canza masa hali. Wanda ya farfaɗo da shi a wannan zamani shi ne John Portman, da otal ɗin Hyatt Regency da aka buɗe a birnin Atlanta na Amurka a 1967. Daga otal ya shiga kantuna da bankuna, daga nan ya shiga ofisoshin gwamnati. Misalin da ya fi shahara shi ne ginin gwamnatin Jihar Ilinoyi da ke birnin Shikago, wanda Helmut Jahn ya tsara, aka buɗe a 1985, daga baya aka sa masa sunan Gwamna James R. Thompson. Bene ne mai hawa 17, an rarake cikinsa tun daga ƙasa har sama, an rufe da gilashi, ofisoshi na kallon filin. Manufar ita ce a nuna cewa gwamnati ba ta da rufa-rufa, duk wanda ya shigo yana ganin ma'aikata a bakin aiki. A gabansa kuma aka kafa wani babban sassaƙe na Jean Dubuffet, mutumin Faransa.

Niyyar mai kyau ce, amma tun shekarun farko ma'aikata suka koka da tsananin zafi a lokacin bazara, kuɗin sanyaya ginin da gyaransa kuma ya yi wa jihar nauyi. A 2022 aka sanar cewa jihar ta rabu da shi, kamfanin Google zai mayar da shi ofishinsa. Darasin a fili yake. Idan rufin gilashi ya gagari jiha mai arziki, a birnin da ake ƙanƙara, ina ga garuruwan Arewacin Nijeriya, inda zafi kan kai digiri 40 ko ya haura a watannin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashi, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas?

A Nijeriya ana samun iri biyu. Akwai buɗaɗɗen tsakar gini, inda barandodi ke kewaye da fili sararin sama na kallonsa. Dole a yaba wa wannan, domin yana shigo da haske da iska kyauta, kuma idan aka dasa itace a tsakiya, ya kusa zama tsakar gida ta gaske. Akwai kuma rufaffe, wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Fitaccen misalin rufaffe shi ne filin da ke ƙarƙashin koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya a Abuja, tsakanin zauren dattawa da na wakilai, a ginin da majalisar ta fara zama cikinsa a 1999. A watan Yunin 2021 ruwan sama ya keto rufin ya malale wannan fili, aka ga hotunan ma'aikata suna kwashewa. Barume ya bar kafa da gangan ya kuma tanadi kwarmin da zai tari ruwan, maginin Hausa ya sa indararo ya kuma san cewa kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina. Ginin zamani shi ne ake miƙa wa gwamnati kamar ba zai taɓa buƙatar hannu ba.

Amma babban aibin ba na rufi ba ne. Idan aka auna da abubuwa ukun da aka ambata a sama, galibin tsakar ginin ofisoshi yakan faɗi a biyun farko. Fili ne mai faɗi da sheƙi, amma sau da yawa babu benci a cikinsa, sai tsohon da ya zo neman fansho ya rakuɓe a kan matakala yana rungume da fayil. Wanda ke bakin ƙofa an ajiye shi ne domin ya tare, ba a koya masa yin iso ba. Tsawon da a zaure yake jawo sanyi, a nan yana ƙasƙantar da wanda ke tsaye a ƙasa, domin duk wanda ya leƙo daga baranda yana kallon tsakar kansa. Haka kuma dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika, saboda haka duk tsakar ginin da gurgu ba ya iya shiga da kekensa ya saɓa wa doka, ban da saɓa wa al'ada.

5.0 Ado Da Wanda Ake Yi Dominsa

5.1 Hanyoyi Biyu

A Kudancin Nijeriya, adon gine-ginen gwamnati ya bi hanyar sassaƙe da siffar mutum. Ben Enwonwu ya ƙera siffar Sango a 1964, aka kafa ta a gaban hedikwatar hukumar lantarki a Legas, kuma duk Bayaraben da ya gani ya san dalilin haɗa mai tsawa da gidan wuta. Erhabor Emokpae ya ƙawata Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas domin bikin FESTAC na 1977. A ƙasar Hausa kuwa, saboda matsayin Musulunci a kan surar abu mai rai, ado ya bi hanyar zane da rubutu. Wannan ba tawaya ba ce. Zanen da ke kan babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, da na dukawa a kan fata, da na masu sassaƙar ƙwarya, da na magina a fuskar zaure, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma suna aron juna.

Zanen magina yana da nahawunsa. Yakan taru a kewayen ƙofa, inda ido ke fara sauka, ya bi bakin taga, ya hau har rawanin soro da zankwaye. Yana kuma tafiya da zamani. A ƙarni na 20 attajiran Zariya da Kano sun sa an zana musu keke da mota da jirgin sama da agogo a fuskar gidajensu, mai wucewa kuma ya karanta ya gane matsayin mai gidan da abin da yake alfahari da shi.

5.2 Dagi Shi Kaɗai

Me gwamnati ta ɗauka daga wannan taska? A mafi yawan lokuta abu ɗaya ne, wato dagi. Tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa dagi ya zama tambarin yankin, ake kiransa dagin Arewa, daga nan ya hau ƙyauren ƙarfe da katangar siminti da shataletale. Dagi kyakkyawan zane ne, amma a hannun magini kalma ce guda a cikin jimla. Idan aka tsame shi aka manna a tsakiyar farar katanga, aka maimaita a kowane gini, ya zama kamar mutumin da ya san kalma ɗaya tak a harshe yana ta nanata ta. Abin da ya rage a bangon shi ne tambarin ƙasa da agogo da allon sanarwa da hotunan shugaban ƙasa da gwamna, waɗanda ake saukewa duk bayan shekara huɗu ko takwas. Ke nan bangon yana faɗin wanda ke mulki a yau, amma bai ce komai ba game da mutanen da ake mulka.

Wannan ɗabi'a ta ɗaukar alama a bar ma'ana ta samo asali ne tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da aka riƙa ɗora ƙubba da zankwayen siminti a kan gini mai tsarin Turai, kamar wanda ya naɗa rawani a kan kwat. Abin mamaki shi ne, a Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna kira da a haɗa fasahar gida da dabarun zamani. Tazarar da ke tsakanin Samaru da masallacin Babban Gwani 'yan kilomitoci ne, amma har yanzu ba a cika ganin mai digirin zane da Sarkin Magina sun haɗu a kan bangon ofis guda ba.

Ba ana kira ba ne da a koma gina sakatariya da tubali da makuba. Ana nuni ne da cewa haɗuwar mai yiwuwa ce. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. Abin da ya yiwu a ƙauye bai kamata ya gagari babban birnin jiha ba.

5.3 Rubutu

A nan ne batun ya fi shafar masana harshe. Allunan da ke nuna hanya a ofisoshi kusan duka da Ingilishi suke, ga wanda bai yi boko ba kuwa wannan zaurance ne. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 55, ya amince da Hausa da Ibo da Yarabanci a harkokin Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace, sashe na 97 kuma ya ba majalisun jihohi damar amfani da harsunan jihohinsu. Idan doka ta buɗe wa harsunan gida ƙofar zauren majalisa, babu hujjar hana su bangon da ke kai mutum zauren. Muhawarar da ta biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ta nuna cewa jama'a ba sa ɗaukar rubutun hukuma da wasa. Rubutu, na boko ko na ajami, yana iya yin aiki biyu a tsakar gini, ya nuna hanya ya kuma zama ado, kamar yadda ya daɗe yana yi a allon zayyana.

6.0 Jalingo A Matsayin Ma'auni

Ƙirƙiro jihohi ya haifar da sababbin manyan birane, kowanne kuma sai da ya nemi sakatariya da majalisa da gidan gwamnati cikin gaggawa. A 27 ga Agusta 1991 kaɗai, Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi da Lakwaja da Jalingo suka zama hedikwatocin jihohi. Jalingo ce ta fi dacewa a gwada hujjojin da suka gabata a kanta, saboda dalilai biyu.

Dalili na farko shi ne tsohon garin da kansa rubutu ne da ake iya karantawa. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mayar da Jalingo mazauninsa a 1893, kuma sunayen mazaɓun garin har yau suna ɗauke da sarautun fada: Turaki, Sintali, Majidaɗi, Sarkin Dawaki, Barade, Kachalla Sembe. Mutumin Kachalla Sembe ya san zaure, ya san iso, ya san inda ake tuɓe takalmi. Idan ya tashi daga unguwarsa ya nufi ofis domin takardar fili ko ta haihuwa, da wannan ma'auni yake tafiya, da shi kuma zai yanke wa ginin hukunci.

Dalili na biyu shi ne Taraba ba ƙasar Hausa ba ce. Jiha ce ta Mumuye da Jukun da Fulani da Tibi da Chamba da Kuteb da Mambila da wasu da dama, Hausa kuwa harshen kasuwa ce da hulɗa a Jalingo. A irin wannan wuri dagi shi kaɗai ba ya wakiltar kowa, kuma mai son Hausa ya kamata ya fi kowa faɗin haka. Yankin yana da fasahar da duniya ta sani. Sassaƙen itace na Mumuye da Chamba da Jukun suna cikin manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma a 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalas ya shirya babban baje kolin fasahar kwarin Binuwai, wanda daga baya ya je Washintan da Faris. Ke nan mutumin Faris ya ga aikin hannun kakannin Mumuye a ɗaki mai daraja, jikokinsu kuwa galibi sai a hoto.

Sai dai ba a gaggauta cewa a kwaso gumaka a jera a sakatariya ba. Yawancin waɗannan sassaƙe kayan bauta ne da magani, kuma Musulmi da Kirista da dama ba za su so ganinsu a wurin da doka ta tilasta musu shiga ba. Tsakar ginin gwamnati ya bambanta da gidan tarihi, domin gidan tarihi da son rai ake zuwa. Mafita tana cikin abin da tsarin zane ya riga ya koyar, wato a nemi adon da ke haɗa jama'a. Rinin Jukun, da saƙar Tibi mai baƙi da fari, da zanen ƙwaryar Fulani, da zanen tukwane, duk za su iya hawa bango da daɓe da ƙyaure, kowace al'umma ta ga hannunta, ba tare da an taɓa imanin kowa ba. Allunan hanya kuma su zo da Ingilishi da Hausa, tare da maraba da sallama a manyan harsunan jihar.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tsakar gini ya rasa suna a Hausa saboda ya rasa aikin da zai sa jama'a su riƙe shi, kuma adonsa ya taƙaita ga tambari da hoton mai mulki. An kuma ga cewa zaure, duk da iyakokinsa, ya tanadi mazauni da mai amsa sallama da ado mai karantuwa, kuma waɗannan ba sa buƙatar a rushe wani gini kafin a samar da su. Benci da itacen inuwa da ma'aikaci mai jin harshen jama'a da allo mai harshe biyu ba su kai kuɗin gilashin hawa ɗaya ba.

Game da ado, akwai abin koyi a waje. Tun 1951 Faransa ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gine-ginen makarantunta domin ayyukan fasaha, daga baya ta faɗaɗa zuwa sauran gine-ginen gwamnati, Jihar Ilinoyi kuma ta ware rabin kashi 1 tun 1977. Nijeriya tana da Manufar Al'adu ta 1988 da Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa da aka kafa a 1993, saboda haka majalisar kowace jiha tana da tushen da za ta ɗora irin wannan doka a kai, da sharaɗin a sa maginan gargajiya da masaƙa da marina cikin masu cin moriyarta.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan koyar da harsunan Nijeriya. Kalmomi irin su ɗaurin guga da tulluwa da alkuki da laso suna ɓacewa tare da tsofaffin magina, kuma ana buƙatar a tattara su daga bakin masu sana'ar, a Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun, tun suna raye. Haka nan ana buƙatar daidaitattun sunayen ma'aikatu da sassansu a waɗannan harsuna, domin mai rubuta allo ya sami abin da zai kwafa. Kalmar tsakar gini da aka yi amfani da ita a nan ta wucin gadi ce. Ranar da aka ji mutanen gari da kansu suna cewa mu haɗu a zauren sakatariya, sai a ajiye ta.